Idanu Biyu a Gindin Ƙofa

Ƙarfe shida da rabi, Thunder Bay, tsakiyar Janairu.
Iskar tafki tana cizon kunne kamar ɗan kwikwiyo.
Na fitar da mota, na danna rimot.
Ƙofar gareji ta sauko taki guda, ta yi nazari,
ta koma sama abinta.
Fitilar injin ta ƙifta sau goma. Na ƙirga.

Na sake dannawa, wannan karon da ƙarfi,
sai ka ce nauyin yatsa zai sauya mata ra'ayi.

To, batir ne, in ji ni.
Na zazzage aljihun teburin kicin:
kusoshi, guntun kyandir, makullin gidan da muka sayar tuntuni,
can ƙasa batir ɗaya, ƙarami kamar maɓallin riga.
Na sa shi. Taki guda, ta koma.

Na hau tsani, gwiwata ta fi tsanin ƙara.
Na zare filogi, na ƙirga talatin, na mayar.
Na sauka ɗakin ƙasa da tocila, fis lafiya lau.
Na shafa wa sarƙa giris har hannun rigata ya samu rabonsa.
Na zagi injin da yaren kakana, bai ji ba.

Da Aili na nan
da tuni ta zaro littafin injin daga jakar takardunta,
ta gyara tabarau, ta ce, Toivo, sauko, shafi na tara.
Ita ce mai karatu, ni mai guduma.
Shekara biyu ke nan ban buɗe jakar ba,
kuma ba yau ba.

Ga jar igiya tana lilo a kaina.
In na ja ta, ƙofa ta dawo hannuna,
amma kafaɗar nan ta daina ɗaukar irin wannan alkawari.
Ƙanƙara ta fara shigowa, tana kwanciya kan zarto da gwangwanayen fenti.

Tsallaken titi, Orest ya jingina da shebur yana kallo.
Ni da shi ba ma ga maciji tun bara waccan,
kan ƙanƙarar da injinsa ya watso mini a bakin hanya,
ko kan wata magana da na yaɓa masa,
na manta wace ta riga wace.

Ya tsallako. Babu gaisuwa.
Ya wuce ni, ya durƙusa a gindin ƙofa ta hagu
inda ni ban taɓa sunkuyawa ba.
Ya ce, sheburinka ya bugi wannan.

Ashe idanu biyu ne a can ƙasa,
ɗaya nan, ɗaya can, tafin hannu daga siminti.
Wannan yana aika hasken da mutum ba ya gani, wancan yana karɓa.
Ranar da suka daina kallon juna
sai injin ya ɗauka yaro ne ko kyanwa a tsakani,
ya ƙi saukowa, ko za ka danna har Mayu.

Ya goge gilashin da babban yatsan safar hannu:
gishirin titi, saƙar gizo-gizo ta tun kaka.
Ya lanƙwasa ƙarfen kaɗan. Ya ƙara kaɗan.
Wata koriyar fitila, ƙwayar gero,
ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.

Danna, in ji shi.

Ta sauko. Ta wuce taki, ta wuce ƙugu,
ta sumbaci siminti, shiru.
Sai ga mu a ciki, tsofaffi biyu da warin giris,
mota a waje tana ta hayaƙi ita kaɗai,
likitan haƙori yana jirana ƙarfe bakwai.

Orest ya dafa bango ya miƙe da ƙyar.
Ya dubi tsanin, ya dubi hannun rigata.
Ya ce, har sarƙa ka shafa wa mai?
Na ce, akwai kofi.
Ya ce, in dai ba irin na wancan karon ba ne.